Kwana huɗu a Chiang Mai: abin gani, abin ci, da yadda ake zama da mutanen garin

Tambaya: Zan je Bankok sarin kaya, kuma zan samu rarar kwana huɗu kafin a gama haɗa mini kayan. An ba ni shawarar in leƙa Chiang Mai da ke arewacin Tailan. Me ake gani a can, yaya zan yi da abinci da salla, kuma me ya kamata in kiyaye a mu'amala da mutanen garin?

Amsa: Shawarar da aka ba ka mai kyau ce, Alhaji, amma kafin ka yanki tikiti ka duba watan da tafiyar ta faɗa, domin a Chiang Mai wata shi ne rabin tafiya. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu garin yana da daɗi: safiya da ɗan sanyi, rana ba ta ƙuna, sama garau. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu kuwa ana ƙona gonaki da dazuzzuka a arewacin Tailan da maƙwabtanta Myanmar da Laos, kuma da yake garin a cikin kwari yake, duwatsu sun yi masa zobe, sai hayaƙin ya kwanta a kansa ya ƙi tashi. Kada ka ɗauka irin hazon hunturunmu ne da ake rufe hanci da rawani a wuce. Wannan hayaƙi ne mai ƙananan ƙwayoyi da ke shiga har cikin huhu, kuma a wasu ranakun Maris garin kan shiga sahun farko na biranen da iskarsu ta fi gurɓata a duniya. Dutsen da ke bayan gari ma ɓacewa yake yi. Mai asma ko ciwon zuciya ya haƙura da wannan lokaci. Wanda ya zame wa dole ya nemi takunkumi samfurin N95, don na ƙyalle ba ya tare komai. Damina tana kamawa daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Yawanci ruwan yamma ne na awa ɗaya ko biyu, ba ya hana yawo, sai dai a ƙarshenta kogin Ping da ya ratsa garin kan cika. A Oktoban 2024 ya yi ambaliyar da ta shiga unguwannin bakin kogi har da kasuwar dare.

Akwai kuma bukukuwa biyu da ke sauya garin baki ɗaya. Daga 13 zuwa 15 ga Afrilu ake Songkran, sabuwar shekararsu ta gargajiya, inda ake watsa wa duk wanda ya fito titi ruwa da bokiti, ba ruwansu da farar shaddarka ko wayar da ke aljihunka. Sai Yi Peng, bikin sakin fitilu sama a daren cikar wata, yawanci a Nuwamba. Yana da kyan gani, amma masaukai kan cika tun da wuri, kuɗinsu kuma ya ninka.

Tsakanin Bankok da Chiang Mai kimanin kilomita 700 ne. Jirgin sama awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Jirgin ƙasa na dare yana tashi daga babbar tashar Krung Thep Aphiwat da yamma, ya isa da safe, wajen awa 12 zuwa 13, kuma kujerun taragon kwana ana mayar da su gadaje masu labule. Idan shi za ka bi, ka nemi gadon ƙasa: ya fi faɗi, yana da taga, kuma fitilar tarago ba ta dukan idonka kamar na sama. Ka shiga da rigar sanyi, domin na'urar sanyaya tarago ba ta da tausayi, kuma ka yanki tikiti kwanaki kafin tafiyar, don gadajen ƙasa su ke fara ƙarewa. Da kwana huɗu kacal a hannu, abin da ya fi dacewa shi ne ka tafi a jirgin ƙasa, wanda zai rage maka kuɗin masaukin dare ɗaya, ka dawo a jirgin sama.

Batun masauki shi zai warware maka rabin tambayar abinci da salla. Yawancin baƙi suna sauka a cikin tsohon gari ko a unguwar Nimman mai shagunan kofi. Kai ka nemi ɗaki tsakanin titin Chang Klan da titin Charoen Prathet, gabas da tsohon gari, kusa da kogi. A nan masallacin Ban Haw yake, a lungu na 1 na Charoen Prathet, kuma lungun cike yake da gidajen abincin Musulmi. Waɗanda suka kafa unguwar fatake ne Musulmi daga lardin Yunnan na ƙasar Sin, masu ratsa duwatsu da ayarin alfadarai, waɗanda suka yi ta sauka a garin tun ƙarni na 19. Jikokinsu na nan, za ka ga fuska ta mutanen Sin da hula da gemu, da rubutun Sinanci da na Larabci a bango ɗaya. Akwai wasu masallatan: At-Taqwa a tsallaken kogi, da na unguwar Chang Phueak a arewa, da na Chang Klan a kudu, inda akwai zuriyar Musulmin da suka zo daga yankin Indiya. Idan kwanakinka sun haɗa da Juma'a, ka fito da sassafe, domin akwai kasuwar da ke ci a gaban masallacin Ban Haw daga safe zuwa wajen azahar, inda mutanen kan duwatsu ke kawo ganyaye da 'ya'yan itatuwa da kayan yaji. Ba kowace rumfa ce ta Musulmi ba, don haka ka tambaya kafin ka sayi dafaffe.

Abu ɗaya da ke rikita mutanenmu: a Tailan alƙibla yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa. Wanda ya saba da fuskantar gabas, in bai lura ba, sai ya ba Ka'aba baya. Ka duba manhajar alƙibla a waya, ko ka lura da inda rana ke faɗuwa. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 6. Tsarki kuwa ba matsala, kusan kowane banɗaki yana da ƙaramar mesar ruwa a gefen masai.

Yanzu abinci, wanda nan ne aka fi yin kuskure. Abincin arewacin Tailan ya dogara da alade ƙwarai, fiye da yadda baƙo ke zato. Abubuwan da za a fi nuna maka a matsayin abincin gari, irin su sai ua, wato niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi da aka cusa a hanji, da khaep mu, soyayyar gandar da ake sayarwa a manyan ledoji, da miyar hang le, da miyar tumatir da ake kira nam phrik ong, duk na alade ne. Waɗannan ma masu sauƙi ne, don ana ganinsu. Matsalar tana inda ba a gani: romon taliya da aka dafa da ƙashin alade ko da kaza aka ɗora a kai, kitsen da aka soya shinkafa da shi, da kasko ɗaya da ake soya komai a ciki. Za ka iya cewa "mai sai mu", wato kada a sa alade, kuma mai abinci zai amsa da murmushi ya cire naman, amma romon yana nan yadda yake. Ban da haka, kaza da naman shanu na gidan abincin da ba na Musulmi ba, ba yankan Musulmi ba ne. Saboda haka hanya mafi tsafta ita ce ka ci nama a wurin Musulmi kawai. Alamarsu koren allo mai jinjirin wata da tauraro, ko kalmar halal da Larabci, ko mace mai hijabi a bakin tukunya. Kayan gwangwani da na leda a shagunan 7-Eleven, waɗanda ke kusan kowace kwana kuma ba sa rufewa, da yawansu suna ɗauke da tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar. Ka juya bayan ledar ka duba.

A wurin Musulmin kuwa za ka ci abin da garin ya fi shahara da shi, wato khao soi. Taliyar ƙwai ce a cikin romo mai madarar kwakwa da kori, da cinyar kaza ko naman shanu, a barbaɗa soyayyar taliya a sama, a kawo maka ƙananan albasa da lemon tsami da ganye mai tsami da soyayyen barkono a gefe. Ka matsa lemon, ka zuba albasar, barkonon kuma ka fara da ɗan kaɗan a bakin cokali. Ana danganta zuwan wannan abinci garin da fataken Yunnan ɗin nan, shi ya sa cinsa a lungun Ban Haw ba maneji ba ne. Gidajen khao soi da yawa abincin rana suke yi, kafin la'asar sun rufe, don haka kada ka bar shi sai dare. Akwai kuma khao mok kai, dafa-dukar shinkafa rawaya da kaza, da roti, wainar fulawa da ake soyawa da ayaba da ƙwai da madara, wadda yawancin masu tura kekenta da dare Musulmi ne. Kwanon abinci a irin waɗannan wurare yana kamawa daga wajen baht 50 zuwa 100 (baht shi ne kuɗin Tailan). Shinkafar mutanen arewa mai danƙo ce, a ɗan kwandon gora ake kawo ta, da hannu ake gutsura a dunƙula a dangwali miya. Ita ce kuma ake haɗawa da mangwaro da madarar kwakwa, abin da bai kamata ka bar garin ba ka ɗanɗana ba. Ruwan famfo ba a sha, na gora ake saye. Ɗan itacen durian mai ƙayoyi da ƙarfin wari kuma, in ka saya ka cinye shi a waje, masaukai da yawa sun hana shiga da shi.

Tsohon garin murabba'i ne, kowane gefe kimanin kilomita ɗaya da rabi, ramin ruwa ya kewaye shi, ga ragowar ganuwar jan bulo da ƙofofi. Sarki Mangrai ya kafa shi a 1296 a matsayin babban birnin masarautar Lanna. Mutanen Bama, wato Myanmar ta yau, sun ci shi a 1558 suka riƙe fiye da shekara 200, yaƙe-yaƙe suka sa ya zama kusan kufai, sai a 1796 Sarki Kawila ya sake tara mutane ya raya shi. Wannan tarihi ne ya sa ginin garin da abincinsa da harshensa suka bambanta da na Bankok. Har yau a kasuwa za ka ji suna magana da Kam Mueang, harshen arewa, a tsakaninsu.

Wuraren ibadar mabiya Buda, da suke kira wat, sun kai ɗaruruwa a garin da kewayensa, kuma baƙo kan gaji da su tun a rana ta farko don yana son ya ga duka. Biyu ko uku sun isa. Wat Chedi Luang ne kan gaba: katafaren gini mai tsini na bulo da ya kai kimanin mita 80 a da, girgizar ƙasa ta 1545 ta rushe samansa, aka bar shi a haka. Sai Wat Phra Singh na 1345, saboda sassaƙar katako da zanen bango da ke nuna sutura da zaman mutanen Lanna na da. Wat Chiang Man shi ne mafi tsufa, kuma ba shi da cunkoso. Duka ukun ana zagaya su da ƙafa a safiya ɗaya, in ka fara da ƙarfe 8 kafin rana ta ɗaga. Ana cire takalmi a ƙofar ɗakin ibada, ana so a rufe kafaɗa da gwiwa, abin da kaftani ya riga ya gama. In ka zauna a ciki kada ka miƙe ƙafa ta nuna gunkin ko wani mutum. Ba wanda zai tilasta maka rusunawa ko kunna turare. Kallo ka zo yi, kuma sun saba da masu kallo. Wani limaminsu kan yayyafa wa mutane ruwa ya ɗaura musu farin zare a hannu. Ba sai ka shiga layin ba, in kuma an yi maka tayi, murmushi da ɗan ja da baya sun wadatar. In da iyali kake, a sani mace ba ta taɓa limamin Buda ko ta miƙa masa abu hannu da hannu, kuma akwai wasu ɗakuna, kamar na ginshiƙin gari a harabar Chedi Luang, da ba a yarda mata su shiga ba.

Doi Suthep shi ne dutsen da ke yamma da gari, kuma wat ɗin da ke kansa, a tsayin sama da mita 1,000, daga nan ake hango garin duka da filin jirgi da kwarin. Tafiyar kimanin kilomita 15 ce, amma hanyar duk kwana-kwana ce, mai saurin jiri kada ya cika ciki kafin ya hau. Wani limamin Buda da suke girmamawa, Kruba Srivichai, shi ya jagoranci jama'a suka fasa hanyar da aikin gayya aka gama a 1935, kuma za ka ga mutane na tsayawa a wurin tunawa da shi a gindin dutsen. Daga inda mota ke ajiye mutane akwai matakala fiye da 300, ko ka biya ɗan kuɗi ka hau na'urar da ke jan mutane sama. Ka je da sassafe ko bayan la'asar. Tsakar rana motocin 'yan yawon buɗe ido ne ke cika wurin.

Zirga-zirga a gari da jajayen a-kori-kura ake yi, masu benci biyu a baya, ana kiransu rot daeng. Tsarinsu shi ne ka ɗaga hannu, ka gaya wa direba inda za ka, in ya gyaɗa kai ka hau baya, in ka iso ka danna ƙararrawa, ka zagaya taga ka biya. A cikin gari wajen baht 30 ne kan mutum ɗaya. Inda baƙo ke cutar kansa shi ne ya fara da "nawa ne?", domin da ya tambaya sai a ɗauka shata yake so, kuɗin ya haura ɗari. Ka sani kuma direban zai biya ya sauke wasu, don haka in kana sauri ka kira mota ta manhajar Grab ko Bolt, wadda ke nuna maka kuɗin tun kafin ka shiga. Masu zuwa Doi Suthep suna lodi a wajen ƙofar Chang Phueak da kusa da gidan zu, kuma ba sa tashi sai mota ta cika. A-daidaita-sahunsu, tuk-tuk, ya fi duka tsada, kuma sai an yi ciniki kafin a hau. Hayar babur tana da arha, amma ba na ba ka shawararta: a hagu suke tuƙi, titunan bakin ganuwa hanya ɗaya ce, 'yan sanda na kafa shinge suna neman lasin na ƙasa da ƙasa mai izinin babur da hular kwano, kuma in ka yi haɗari ba lasin, inshora ba za ta biya ba. In ka nace, kada ka bar fasfonka jingina. Ka ba da kuɗi da kwafi, ka ɗauki hoton kowane ƙwarzane a jikin babur ɗin a gaban mai shi.

Abin da ya fi gine-gine zama a ran baƙo shi ne yadda garin ke tafiyar da yininsa. Bayan sallar asuba ka fita wajen ƙarfe 6, za ka ga limaman Buda cikin mayafi ruwan lemo, ba takalmi, suna tafe a jere da ƙoƙo, mata na durƙuso a bakin titi suna zuba musu shinkafa, ba hayaniya ko kaɗan. Daga nan ka gangara kasuwar Warorot, wadda 'yan gari ke kira Kad Luang, inda su kansu suke sayayya: busassun 'ya'yan itatuwa, shayi, kayan yaji, yaduka a benen sama da lungunan da ke kewaye, ga kasuwar furanni a bakin kogi. Za ka lura miya da shinkafa da ma abin sha duk a ƙulle a leda ake saye a rataya a babur, domin gidaje da yawa sayen dafaffe suke yi. A gaban kusan kowane gida da shago akwai ɗan ƙaramin ɗaki a kan ginshiƙi, da furanni da jan lemon kwalba an sa masa tsinken sha; na iskokin wurin ne a imaninsu, kada ka jingina da shi ko ka ɗora kaya. Da ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a wuraren taruwar jama'a, kowa ya tsaya cik. Ranar Lahadi da yamma, lokacin da ake rufe titin Ratchadamnoen daga ƙofar Tha Phae ya zama kasuwa, za ka ga dubban mutane sun daskare wuri ɗaya na minti guda. Kai ma ka tsaya. Ranar Asabar irin wannan kasuwa a titin Wualai take ci, unguwar maƙeran azurfa.

A matsayinka na ɗan kasuwa, salon ciniki ne zai fi ba ka mamaki. Mutanen nan ba sa ɗaga murya, kuma wanda ya ɗaga, ko da gaskiyarsa, a idonsu shi ya ji kunya. Taya kaya da rabin kuɗi cikin zafi, ko kushe shi don a rage, ba ya aiki. Mai kaya zai yi murmushi ya kau da kai, ciniki ya mutu. A kasuwar dare da ta Lahadi ana ragi kaɗan, musamman in ka ɗauki guda uku ko fiye, ta hanyar buga lamba a kalkuleta ana dariya. Abinci ba a tayawa. Gaisuwarsu haɗa tafin hannu ne a ƙirji da ɗan sunkuyar da kai. In ba ka son yi, murmushi da "sawatdi khrap" ya isa, mace kuma ta ce "sawatdi kha". Kada ka shafa kan kowa, har yaro, kuma kada ka tura abu da ƙafa ko ka tsallake mutum. Baƙar fata ba su da yawa a garin kamar a wasu unguwannin Bankok, don haka za a kalle ka, yawanci kallon mamaki ne.

Rana ɗaya za ka iya fita bayan gari, amma ka zaɓi abu ɗaya. Ko sansanin giwaye a yankin Mae Taeng, ko Doi Inthanon, dutse mafi tsayi a ƙasar, mita 2,565, tafiyar wajen awa biyu, mai sanyin da sai da rigar sanyi. In giwaye ka zaɓa, ka nemi inda ake kallonsu suna kiwo da wanka, ba inda ake hawansu ko sa su wasa ba, domin horon da ke sa giwa ta yarda da hakan da duka da ƙugiya ake yin sa.

Dokoki uku ba a wasa da su. Sukar sarki ko iyalinsa, ko da a raha ko a intanet, laifi ne a ƙarƙashin sashe na 112 na dokar laifuka ta ƙasar, ɗaurin shekara 3 zuwa 15. Hoton sarki na jikin kuɗi, don haka in takarda ta faɗi kada ka taka ta don ka tare. Sigarin lantarki haramtacce ne. Ƙwaya kuwa hukuncinta mai tsanani ne, saboda haka kada ka riƙe wa kowa jaka ko saƙo, ko da ɗan gari ne ya haɗa ka da Allah. Ka riƙa yawo da fasfo ko aƙalla kwafinsa da na shafin biza. Lambar 'yan sandan baƙi 1155 ce, ta motar asibiti 1669. In ka ga an rubuta 2569 a jikin madara ko rasit, ba kuskure ba ne: kalandarsu ta gaba da ta Miladiyya da shekara 543, wato 2026 ke nan.

Kuɗi kuma, ka canza dala a rumfunan canji, da fasfo a hannu. Sababbin takardun dala 100 sun fi ƙananan takardu daraja a wurin canji, masu yagewa ko tambari kuma ana ƙin karɓa. Na'urar cirar kuɗi tana cajin katin waje baht 220 ko fiye a kowane cira, don haka cira ɗaya babba ta fi ƙanana biyar. Ka taho da adafta, soket ɗinsu ba ya karɓar filogi mai ƙafa uku masu faɗi.

Wajen dawowa ka duba tikitinka da kyau. Bankok filin jirgi biyu gare ta, Suvarnabhumi da Don Mueang, kuma jiragen masu arha daga Chiang Mai da yawansu a Don Mueang suke sauka, alhali jirginka na gida kusan tabbas daga Suvarnabhumi zai tashi. Tsakaninsu tafiyar awa ɗaya ce ko fiye in akwai cunkoso. Tikitin masu arhar kuma yawanci jakar hannu ta kilo 7 kawai ya ƙunsa, don haka in ka san za ka yi tsaraba a Warorot, ka sayi nauyin kaya ta intanet tun kafin ka je filin jirgi, domin a kanta kuɗinsa ya fi haka nesa ba kusa ba.